Daga Kambo Zuwa Hawasha: Tafiyar da Alƙalaminmu Ya Tsallake

Duk Bahaushen da aka ambata wa Hausawan Sudan, doguwar tafiya ce ke fara faɗo masa a rai. Zai tuna ayarin mahajjata da jakunansu da gorunan ruwa, mutanen da suka bar Kano ko Katsina suna samari, suka isa Makka da furfura. Zai tuna Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da aka kashe a Burmi a 1903, da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da ya ci gaba da jan jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Wannan tarihi gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai akwai wata tafiyar da jikokin waɗannan mutane ke yi kullum safiya, daga inda suke kwana zuwa gonar da suke aiki, da yawansu a kan keke. Ra'ayina shi ne wannan gajeruwar tafiya ta fi doguwar bayyana halin da suke ciki, kuma rubuce-rubucenmu da na waɗanda suka yi nazarinmu ba su ba ta haƙƙinta ba.

Zan kafa hujjata da littafi ɗaya, in auna shi da fim ɗaya, sannan in dawo gida.

Littafin da abin da ya zo da shi

A 1995 wani masanin halayyar al'umma ɗan asalin Gana, C. Bawa Yamba, ya fitar da littafi da Ingilishi mai suna Permanent Pilgrims, wato mahajjatan dindindin. Ya zauna da mutanen Afirka ta Yamma, mafi yawansu Hausawa, a Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya kuma tarar da abin da ya ɗaure masa kai. Ga mutum an haife shi a Sudan, an haifi ubansa da kakansa a Sudan, bai taɓa ganin Makka ba, amma idan ka tambaye shi sai ya ce shi a kan hanya yake. Yamba ya bi wannan magana cikin rayuwarsu: cikin gidajen da ake ginawa kamar gobe za a tashi, cikin dangantakarsu da malamai masu addu'a, cikin bara da tuƙin mota, da noman raba-daidai da bashin da ke riƙe mutum shekara bayan shekara. Abin da ya fitar shi ne, aikin hajji a wurinsu ya tashi daga tafiyar da ake yi a gama, ya koma yadda mutum yake kallon rayuwarsa gaba ɗaya.

Dole a yaba masa. Bai yi wa mutanen kallon maƙaryata ba, bai kuma ɗauke su wawaye ba. Ya saurare su da kunnen girmamawa, abin da mu ma'aikatan rediyo muka san wahalarsa, domin sauraro ya fi magana nauyi. Ya kuma nuna cewa niyya tana iya riƙe al'umma wuri ɗaya kamar yadda ƙasa ko sarauta ke riƙe wata. Wanda ya san matsayin niyya a addininmu ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Inda na rabu da shi

Matsalata da littafin ita ce hoton da yake bar wa mai karatu. Idan ka rufe shi, abin da ke zaune maka a zuciya shi ne mutanen da suka zaɓi zaman wucin gadi saboda zukatansu na gabas. To amma gidan da ba a gina da jan bulo ba yana iya samun dalili biyu. Ko mai shi ba ya so, ko kuma ba a ba shi dama ba. Yamba bai ɓoye talauci da wariya ba, ya taɓo su, sai dai ma'auninsa ya rinjaya wajen dalili na farko. Ni kuwa ina ganin na biyun ne ya fi nauyi.

Mu duba yadda aka tsara Jazira. Turawan Ingila sun kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, suka ja ruwan Shuɗin Nilu cikin filin da ke tsakaninsa da Farin Nilu domin noman auduga. Da aka ƙara yankin Manakil daga ƙarshen shekarun 1950, filin ya haura fadan miliyan 2, fadan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka ɗaya. Aka yanka ƙasar kamar da wuƙa: babbar hanyar ruwa, sai ƙanana da ake kira tur'a, sai Abu Ishirin mai shayar da yanki guda na fadan 90, sai gonar mutum ɗaya, wadda ake kira hawasha. Ribar auduga gida uku aka raba ta, gwamnati da kamfani da masu hawasha. Wanda ya yi shuka da noma da tsinkar audugar, idan ba shi da hawasha, ba ya cikin rabon. Lada kawai yake karɓa, ko wani kaso na dawa ko gyaɗa bisa yarjejeniya da mai gona.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Da yawansu Hausawa ne da Fulani da Barebari, waɗanda Sudanawa ke haɗawa su kira Fallata, tare da mutanen Darfur da na Cadi. An zaunar da su a unguwannin lebura da ake kira kambo, jam'insa kanabi, a gefen hanyoyin ruwa, a kan ƙasar da ba tasu ba ce a takarda. Har yau kanabi da yawa ba su da makaranta, ba asibiti, ba ruwan famfo. Daga tur'a ake ɗiban na sha, ita ce kuma matattarar tsargiya da sauro.

Sannan ga doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta sa ƙarshen shekarar 1897 a matsayin iyaka: sai wanda shi ko iyayensa maza ke zaune a ƙasar tun daga lokacin ne ɗan ƙasa na asali. Lissafa da kanka, mai karatu. An yi yaƙin Burmi a 1903. Ke nan mutanen da suka biyo Mai Wurno, da dubban da suka zo aikin madatsar Sinnar da gonakin auduga daga baya, duk layin ya bar su a waje. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba. Mutumin da takarda ta ce masa baƙo ne, idan ya ce maka shi matafiyi ne, imani ne ke magana, gaskiya ne, amma har da neman mafaka ga mutunci. Ya fi daɗi ka ce kana kan hanyar ɗakin Allah da ka ce an hana ka wurin zama.

Abin da keke yake faɗa

A nan ne keke ya shigo. Sudanawa na ce masa ajala, Hausawan can ma sun ari kalmar. A cikin saƙonnin murya da masu saurare ke aiko mana daga Sudan, akwai na wani dattijo daga wani kambo a yankin Hasahisa. Kafin ya gama sallama kunnena ya kama ƙarar kaca da numfashin mai taka feda. Ya nemi afuwar hayaniyar, ya ce a kan ajala yake, yana sauri ya isa hawasha kafin a saki ruwa. Gaisuwa ya aiko wa dangin da bai taɓa gani ba a Haɗeja. A saƙo ɗaya sai ga tafiyoyin nan biyu: bakinsa na Haɗeja, ƙafafunsa na kan hanyar gonar wani.

Wanda yake kan hanyar Makka ba ya buƙatar keke. Keke kayan mazauni ne, na wanda zai je ya dawo, gobe ya sake zuwa. Mai keke ya san inda gaɓar tur'a ta zabtare, ya san gadar da ke ɗaukar kura da wadda sai an sauka an tura, ya san mai faci na kasuwar mako da ranar da yake zuwa. Irin wannan sani ba a samunsa sai da shekaru a wuri ɗaya. Idan ana neman shaidar cewa mutum ɗan wuri ne, to sawun tayarsa a kan gaɓar ruwa shaida ce da ta fi tambarin ofis daɗewa.

Kuma keken ba ado ba ne, lissafi ne. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 5 a awa, mai keke ya ninka haka sau uku ba tare da ya galabaita ba. Leburan da ke da keke yana iya karɓar aiki a hawashar da ke nesa, ya zaɓi mai gonar da ya fi biya, ya dawo da damin ciyawa ko jarkar ruwa a kariya, ya kai mara lafiya asibitin gari a goye. Wanda ba shi da shi, sai abin da maƙwabcin kambo ya yanka masa. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba tudu ba gangare, kai ka ce don keke aka yi ta. Amma baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage, taya ta riƙa faɗawa rami. Da damina ta zama kamar danƙo, ta cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi, mai shi ya saɓa shi a kafaɗa. Ga ƙayar miskit da ta mamaye gefen hanyoyin ruwa, wadda ke sa mutum ya yi faci sau biyu a yini. A da hukumar Jazira, mai hedikwata a Barakat, tana da ɗan siririn jirgin ƙasa da ke kai auduga masana'antun gurza. An shimfiɗa wa auduga dogo, mai tsinkarta kuwa aka bar shi da gaɓar tur'a. Jirgin ya mutu bayan dokar Jazira ta 2005 da rushewar tsohon tsari. Keken yana nan.

Wannan duka labari ne da ke jiran marubuci. Akwai buri a ciki, akwai bashi, akwai asara. Ga wanda ke shakkar ko keke ɗaya zai iya ɗaukar nauyin labari, to an riga an gwada.

Ma'aunin De Sica

A 1948 Vittorio De Sica na Italiya ya fitar da fim mai suna Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke. Labarinsa bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. Antonio Ricci, magidanci marar aiki a birnin Roma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya samu aikin liƙa takardun talla, da sharaɗin sai yana da keke. Kekensa na wurin jingina. Matarsa Maria ta cire zannuwan gadonsu ta kai, aka fanso shi. A ranar farko ta aiki aka sace keken. Sauran fim ɗin shi da ƙaramin ɗansa Bruno ne ke yawon nema, har ƙunci ya kai uban ga ɗaukar keken wani, aka kama shi a gaban ɗansa. Wanda ya fito a matsayin Antonio, Lamberto Maggiorani, ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne.

Abin da De Sica ya gane shi ne, ba sai ka yi wa mai kallo lacca a kan rashin aikin yi ba. Nuna masa abu ɗaya da rayuwar gida ta rataya a kai, ka cire shi, sai ya ga komai: ofishin 'yan sanda da bai damu ba, kasuwar kayan sata, coci, gidan mai duba, da yadda talaka ke cutar talaka. Akwai wurin da ma'aikacin gidan jingina ke hawa da ƙunshin zannuwan Maria, kyamara ta bi shi sama, sai ga ɗaruruwan ƙunshi irinsa jere har rufi. Ba wanda ya ce uffan, amma ka san ba gidan Antonio kaɗai ba ne.

Da wannan ma'auni nake auna littafin Yamba. Shi ya tambayi mutane ina zuciyarsu ta nufa, ya samu amsa mai kyau. De Sica ya tambayi yadda mutum zai isa wurin aiki gobe da safe, sai amsar ta tono gari guda. Na san ɗaya nazari ne, ɗaya fim, kowanne da aikinsa. Amma tambaya ta biyun ce, da an yi wa mutanen kambo ita, za ta kai mu ga mai ƙasa, da mai ruwa, da mai takarda.

Mu dawo gida

Yamba ya yi nasa, da harshen da mutanen da ya rubuta a kansu ba sa karantawa. Mu fa? Adabinmu yana da hijira tun daga waƙar zuwan Annasara da ake jingina wa Sarki Attahiru, yana da waƙoƙin begen Madina ba adadi. Keke kuma tun farkon shigarsa adabin Hausa da dariya ya shiga. Waƙar Keke ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya waƙa ce ta raha da zambo ga dokin ƙarfe, kuma ta yi daidai da zamaninta, lokacin da keke baƙon abu ne da ke kayar da masu rawani. Abin da ban gane ba shi ne yadda muka tsaya a nan. A finafinanmu na Kano, idan ka ga keke, to ɗan barkwanci ne zai faɗi da shi, ko kuma saurayin da za a kora ne saboda mai mota ya zo. A littattafan soyayya, da wuya jarumi ya taka feda sai dai kafin arziki ya zo, a shafukan farko. Mun mayar da keke alamar wanda bai isa ba, alhali shi ne ya kai malamin firamare aji, ya kai ɗan koli kasuwar ƙauye, ya kai madara da itace birni shekara da shekaru.

Shirye-shiryen da ake yi a kan Hausawan Sudan ma sawu ɗaya suke bi. A je fadar Sarkin Mai Wurno, a ji tarihin Burmi, a tambayi tsofaffi ko suna kewar gida, a yi mamakin yadda Hausarsu ta cakuɗa da Larabci. Tambayar ko suna kewar gida ita kanta tana ɗauke da hukunci, domin tana nufin inda suke ba gida ba ne. A'isha Falatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Umdurman a shekarun 1940, jinin mutanenmu ce, kuma Sudan ce ta yi kukan rashinta a 1974. Ba baƙuwa ba ce a can.

Abin da ke kan faifai

Kada a ɗauka wannan gardamar marubuta ce kawai. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Damazin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya, wasu ƙabilun yankin suka ce masarauta ta masu ƙasa ce. Mutum fiye da 100 suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. A watan Oktoba na shekarar aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin 200. Kalmar da aka riƙa jifan Hausawa da ita a lokacin ita ce baƙi. Duk rubutun da ke nuna su a matsayin masu wucewa, komai kyawun niyyarsa, yana iya zama makami a hannun mai wannan magana.

Sai yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar shekarar, aka wawashe motoci a ƙauyukan Jazira, mai ya yi wuya, jaki da keke suka koma abin hawan mai kuɗi da talaka. Da sojoji suka ƙwato birnin a Janairun 2025, sai aka juya kan mutanen kanabi da zargin haɗa baki. A Kambo Tayba, inda mafi yawan mazauna 'yan asalin yammacin Sudan ne, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Ba Hausawa kaɗai ke zaune a kanabi ba, amma ƙaddararsu ɗaya: wanda ba a rubuta zamansa ba, korarsa ba ta da wuya.

Shi ya sa nake ganin a karanta littafin Yamba, a kuma fassara shi zuwa Hausa, domin ya adana muryoyin da ba za a sake ji ba. Amma a karanta shi da sanin cewa rabin labari ne. Ɗaya rabin yana wuyanmu, musamman matasan Mai Wurno da Sinnar da Damazin da ke rubutu da Hausa da Larabci, waɗanda suka san hanyar da ƙafafunsu. Ba sai an ƙirƙiro jarumi mai takobi ba. A ɗauki magidanci ɗaya, da keke ɗaya, da kakar auduga ɗaya. A faɗa mana nawa ya saye shi, wa ya ranta masa, me matarsa ta sayar, wane aiki ya kuɓuce masa ranar da kaca ta tsinke. Mu kuma masu makirufo, idan muka samu ɗan'uwa daga can a kan layi, kafin mu tambaye shi garin kakansa, mu fara tambayarsa yadda ya je aiki yau.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa.